Sabuwar na'urar leƙa maƙogwaro ta iso: ka koya da kanka, ko ka nemi gwani ya tsaya a kanka?

Tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka shawarci likitoci su nisanta fuskarsu daga bakin majiyyaci yayin sa bututun numfashi, laringoskop mai kyamara, wato na'urar leƙa maƙogwaro, ya shiga asibitocin da a da ba su san shi ba sai a hoto. Wani asibitin saye ya yi, wani kyauta aka kawo masa. Da zarar an buɗe kwalin, tambayar iri ɗaya ce ga likitan sa barci da ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wannan aiki: in zauna in karanta takardar, in kalli bidiyo, in gwada a kan mutum-mutumi in fara, ko in jira sai na sami wanda ya goge ya tsaya a gefena a ɗakin tiyata?

Wanda ke aiki a Landan ko Toronto ba zai daɗe yana wannan tunani ba, domin gwanin yana ɗaki na gaba. A wurinmu lamarin ya sha bamban. Ƙididdigar da tarayyar ƙungiyoyin likitocin sa barci ta duniya, WFSA, ta fitar a 2017 ta nuna cewa Najeriya da Nijar duk ba su kai likitan sa barci ɗaya ga mutum 100,000 ba, alhali abin da tarayyar ta ce a nema shi ne aƙalla 5. Don haka jiran gwani yana iya zama shekara guda na'urar na kulle a kabad, batirinta na mutuwa. Koyo da kai kuma yana iya zama ranar farko da ka riƙe ta a kan ɗan Adam ita ce daren da aka kawo mai ciki tana jijjiga, maƙogwaronta a kumbure. Duka biyun suna da haɗari, kuma a jikin majiyyaci haɗarin yake sauka.

Ra'ayina shi ne amsar tana bin irin na'urar da ke hannunka, da abin da zai faru in ka kasa. Ƙwazonka ko yawan shekarunka a aiki ba su ne ke yanke hukunci ba.

Ma'aunan da za a bi

Na farko, kuma mafi nauyi, shi ne tazarar da ke tsakanin sabuwar na'urar da abin da hannunka ya saba. Dole a daɗe a nan, domin sauran ma'aunan a kansa suka jingina.

Biled ɗin da kusan kowa ya fara koyo da shi, wato ƙarfen nan mai ɗan lanƙwasa da ke shiga baki ya ɗaga harshe, Robert Macintosh ne ya fito da shi a Oxford a 1943. Da shi kana ture harshe gefe, ka ɗaga, ka samar da miƙaƙƙiyar hanya daga idonka zuwa ƙofar maƙogwaro. Inda ido ya bi, nan bututu zai bi. Akwai na'urori masu kyamara da suka riƙe wannan siffa, kamar C-MAC da McGrath MAC da biled ɗinsu na yau da kullum. Hannunka ya riga ya san su. In allon ya mutu ko jini ya rufe kyamarar, sai ka leƙa da idonka ka ci gaba.

Sai masu tsananin lanƙwasa, waɗanda GlideScope ya buɗe wa hanya a 2001, ƙirar wani likitan tiyata a Kanada mai suna John Pacey. Lanƙwasar ta kai kusan digiri 60. Kyamarar tana leƙa bayan harshe ba tare da an miƙe hanyar ba, saboda haka za ka ga igiyoyin murya tar a allo, amma bututun sai ya sha kwana kafin ya isa wurin. Abin ya yi kama da zura zare a kafar allura kana kallonta ta madubi. Kusa da su akwai masu kwararo a gefe da ke yi wa bututun jagora, irin Airtraq da King Vision. Akwai kuma abubuwan da ke zama a saman maƙogwaro ba tare da sun shiga ba, dangin LMA da i-gel, waɗanda su ne mafi sauƙin koyo. Can ƙarshen layi akwai bututun kyamara mai lanƙwasa, wanda aka fi sani da faiba, da kuma wuƙa da buji (siririyar sandar roba da ake zura bututu a kanta) da bututu na buɗe gaban wuya idan komai ya ƙi.

Ma'auni na biyu shi ne haɗarin da majiyyaci ke ciki yayin da kake koyo. Na uku kuɗi, har da wanda ba ya bayyana a rasit: ranakun da ka bar asibiti babu mai sa barci, biled ɗin amfani ɗaya da aka ƙarar wajen gwaji, gyaran na'urar da aka lalata. Na huɗu sauƙin samu. Na biyar dorewa, wato ko abin da ka koya zai kasance a hannunka bayan wata shida. Na shida, wanda ake yawan mantawa: wa zai gaya maka cewa abin da kake yi ba daidai ba ne?

Koyo da kai

Ta fuskar kuɗi babu abin da ya kai shi arha. Takardar bayanin na'urar tana cikin kwali. Ƙa'idojin ƙungiyar DAS ta Birtaniya, wadda ta keɓanta da matsalolin hanyar numfashi, kyauta ne a intanet, haka ma darussan da WFSA ke wallafawa a kai a kai. Bidiyo kuwa sai dai ka gaji da kallo. Abin da ke cin kuɗi shi ne mutum-mutumin gwaji, in sashenku ba shi da shi. Ta fuskar sauƙi ma haka: da daddare, ranar hutu, tsakanin tiyata da tiyata, ba ka jiran kowa.

Akwai abubuwa da yawa da wannan hanya ke koyarwa da kyau, kuma bai kamata a ɓata lokacin gwani a kansu ba. Yadda ake haɗa na'urar da kwance ta, tsawon lokacin da batir ke ɗauka, wane biled ake wankewa da wane ake jefarwa, wane ruwan kashe ƙwayoyin cuta ne ba ya cin robar, yadda murfin maƙogwaro da ƙofar hanyar abinci ke bayyana a allo, da matakan da ake bi in gwajin farko ya ƙi. Wanda ya je gaban malami bai san waɗannan ba ya yi asarar rabin zamansa.

Matsalar tana farawa ne inda roba ta ƙare. Mutum-mutumi ba ya zubar da yawu, ba ya jini, numfashinsa ba ya sa kyamara ta yi hazo, kuma iskar oksijin ɗinsa ba ta sauka komai daɗewarka. Kana iya sa masa bututu sau ashirin a jere da salon da zai yaga bakin mutum, shi kuwa ba zai ce uffan ba.

Ga irin kura-kuran da na fi tsoro ga wanda ya koyi biled mai tsananin lanƙwasa shi kaɗai. Na farko, neman hoto mafi kyau. Shekarun aiki da Macintosh sun koya maka cewa iya yadda ka ga igiyoyin murya, iya sauƙin aikin. A nan akasin haka ne. In ka tura biled ciki har ƙofar maƙogwaro ta cika allo, ka ɗage ta sama ka kuma toshe wa bututun wurin wucewa. Sai ka ja baya kaɗan, ƙofar ta koma saman allon, ƙasa ya zama fili. Wanda ba a nuna wa wannan ba, da bututu ya ƙi shiga sai ya ƙara turawa, abin ya ƙara cakuɗewa. Na biyu, kafa ido a allo yayin da bututun ke shiga baki da sandar ƙarfe a cikinsa, wadda ake kira sitailet. Akwai ɗan tsakani da bututun ke tafiya kyamara ba ta ganinsa, kuma an sha ba da rahoton yagewar ganɗa da bangon maƙogwaro a daidai wurin. Tsarin da ake koyarwa shi ne: kalli baki ka sa biled, kalli allo ka daidaita, koma kalli baki ka sa bututu, sannan allo. A takarda layi ɗaya ne, amma ido yana son allo, kuma mutum ba ya jin lokacin da idonsa ya gudu. Na uku, bututun ya wuce igiyoyin murya ya tokare bangon gaba na maƙogwaro. Maganinsa a zare sitailet kaɗan, a murɗa bututun, ba a danna da ƙarfi ba. Na huɗu shi ne mafi muni: tunda kana ganin wurin ƙarara, zuciya ba ta yarda cewa an kasa. Kana ta cewa saura kaɗan, lokaci na tafiya, lambar oksijin na sauka.

Wani zai ce shekara goma yana sa bututu, wannan ba zai same shi ba. Akwai bincike daga Italiya da aka wallafa a 2015, inda aka bi likitocin da suka iya Macintosh yayin da suke koyon GlideScope a kan majiyyata. Sai da suka kai wajen gwaji 76 kafin a ce sau tara cikin goma aikin zai fita yadda ake so. Wannan adadi bai gaza wanda aka samu ga sabon shiga mai koyon tsohon laringoskop ba, inda bincike biyu na 1998 da 2003 suka ba da 57 da 47. Ƙwarewa a tsohuwar na'ura ba ta bin mutum kai tsaye zuwa sabuwa. Ƙari a kan haka, wani nazari da mujallar JAMA ta buga a 2006, wanda ya tattara binciken da aka yi kan yadda likitoci ke auna kansu, ya gano cewa ba mu iya wannan awo sosai ba, kuma waɗanda suka fi rauni da waɗanda suka fi yarda da kansu su ne suka fi kuskuren awon. Wannan shi ne babban gibin koyo da kai: babu idon da ke kallonka daga waje.

Ta fuskar dorewa, hanyar tana da fuska biyu. Kayan karatun suna hannunka kullum, kana iya komawa, kuma wannan alheri ne. Amma abin da ka maimaita shi ke zama, daidai ne ko kuskure.

In dole ta sa sai ka koya da kanka, akwai yadda za a rage haɗarin. Ka fara da manya masu lafiya da aka tsara wa tiyata, cikinsu babu abinci, bakinsu na buɗewa sosai, waɗanda ka san tsohon laringoskop zai wadatar. A cika huhu da oksijin kafin a fara. Tsohon laringoskop, buji, abin tsotse yawu da i-gel ko LMA su kasance a kan tire, a buɗe. Ka sa abokin aiki ya riƙa faɗin lambar oksijin da ƙarfi, ka kuma ba shi izinin ce maka ka tsaya. Ka riƙe littafi: kwanan wata, biled, gwaji nawa, me ya ba da wuya. Kuma ka riƙa amfani da na'urar kullum a kan masu sauƙi. Ajiye ta domin ranar wahala kaɗai shi ne hanyar tabbatar da cewa ranar wahala za ta same ka baƙo a gare ta.

Gwani a gefenka

Abin mamaki shi ne na'urar da ta fi jan mutum ga koyo shi kaɗai ita ce kuma ta fi kowace dacewa da koyarwa. Da tsohon laringoskop, malami yana tsaye a bayan kafaɗarka ba ya ganin komai, sai dai ya yi ta tambaya me kake gani, kai kuma kana faɗin abin da kake fatan gani. Yanzu allo ɗaya kuke kallo. Mai taimako da ke danna wuya ma yana ganin ko dannawarsa na gyarawa ko ɓatawa. Gyaran yana zuwa a daidai daƙiƙar da hannu ya karkace: ja baya, kalli baki, zare sitailet, murɗa. Kuskuren da mai koyo shi kaɗai zai yi wata uku yana maimaitawa, a nan ana tare shi tun ranar farko.

Sai dai kalmar da ta fi kowace daraja a bakin gwani ita ce "tsaya". Babban binciken Birtaniya da ake kira NAP4, wanda aka fitar a 2011, ya bi diddigin munanan matsalolin hanyar numfashi a faɗin ƙasar na tsawon shekara guda. Abin da ya yi ta fitowa shi ne rashin tantance majiyyaci tun farko, rashin shirin abin da za a yi in tsarin farko ya ƙi, da nacewa a kan gwaji bayan gwaji har maƙogwaro ya kumbura, majiyyacin da a da ake iya ba shi iska ya zama ba a iyawa. Shi ya sa ƙa'idojin DAS na 2015 suka iyakance gwaji zuwa 3, da ƙarin guda ga wanda ya fi ƙwarewa in ya iso. Labarin Elaine Bromiley, wadda ta rasu a Ingila a 2005 bayan an sa ta barci domin ƙaramar tiyatar hanci, ya zama darasi a duniya saboda ƙwararrun likitoci ne suka kewaye ta, kayan aiki na nan, amma hankalinsu ya tafi ga sa bututu har mintuna suka shuɗe. Sanin lokacin ajiye na'ura, da yadda ake faɗa wa ɗaki cewa an kasa a koma tsari na gaba, abu ne da ake ɗauka daga kallon wanda ya iya yinsa cikin natsuwa. Ban ga bidiyon da ke dasa wannan a zuciya kamar ganinsa ido da ido ba.

A kula kuma da alƙaluman da ake tallata na'urar da su. Gaskiya ne nazarin 2022 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, da ya haɗa bincike 222, ya nuna laringoskop mai kyamara yana rage kasa sa bututu. Gaskiya ne kuma gwajin DEVICE na Amurka a 2023, a kan majiyyata 1,417 a sassan gaggawa da na kulawa ta musamman, ya sami nasara a gwajin farko kashi 85 cikin ɗari da kyamara, kashi 71 da tsohuwar hanya. Amma mafi yawan waɗanda suka sa bututun a wannan gwaji likitoci ne masu neman ƙwarewa, a cikin tsarin horo, a wuraren da na'urar ta zama kayan yau da kullum. Wannan yanayi ba ya zuwa a cikin kwali.

Yanzu ga tsadarsa. Gwanayen sun taru ne a asibitocin koyarwa, irin na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri, Jos da Yamai. In kana babban asibitin wata ƙaramar hukuma, zuwa wurinsu na nufin kuɗin mota, masauki, neman izini, da barin ɗakin tiyata babu kowa. In shi ne zai zo, sai an daidaita ranarsa da ranar da akwai majiyyatan da suka dace. Jerin tiyatar ranar zai yi jinkiri, likitan tiyata zai yi ta duba agogo, kuma gara a gaya masa tun da wuri.

Akwai wasu raunuka da ba a cika faɗa ba. Muƙami daban, ƙwarewa a wannan na'urar daban. Babban likitan da ya shekara talatin da Macintosh yana iya zama sabon shiga a biled mai tsananin lanƙwasa, ya koya maka ture harshe gefe inda ya kamata a bi tsakiya. Sannan ga kunya da girmama na gaba da muka taso da su. Halaye ne masu kyau, amma a ɗakin tiyata suna sa ƙaramin likita ya ce "na gane, ranka ya daɗe" alhali bai gane ba, su sa ma'aikaciyar jinya ta ga lambar oksijin na faɗuwa ta yi shiru. Malamin kirki shi ke fara karya wannan, ya ce kowa ya yi magana. Akwai kuma malamin da da ka ɗan yi jinkiri sai ya karɓe na'urar. Za ka koma gida ka ga gwaninta, hannunka bai koyi komai ba. Kafin ka kashe kuɗin tafiya, ka bincika abu uku: shin yana amfani da irin biled ɗinka a kai a kai, shin yana barin mai koyo ya riƙe, shin yana zama bayan tiyata a tattauna abin da ya faru.

Dorewar wannan hanya ta fi ƙarfi, tunda an gina ta a kan daidai tun tushe. Amma mako guda a wurin gwani, in ka dawo ka ajiye na'urar, zai dusashe cikin watanni kamar kowane koyo.

Hanyoyin da ke tsakani

Taron bita na kwana biyu ko uku, irin kwasa-kwasan SAFE da WFSA ke gudanarwa tare da ƙungiyar likitocin sa barci ta Birtaniya, ko na VAST da aka fara a Ruwanda, yana ba ka malami da mutum-mutumi da atisayen aiki tare a lokaci guda. Ya fi kowace hanya dacewa da buɗe gaban wuya, tunda wannan ba a koyonsa a kan majiyyaci. Wani bincike na Kanada a 2003 ya nuna cewa zuwa gwaji na biyar a kan mutum-mutumi, kusan kowa ya iya kammala shi cikin daƙiƙa 40. Rauninsa, ana watsewa kowa ya koma inda ya fito.

Wakilin kamfanin da ya kawo na'urar ya san maɓallanta, wankinta da garantinta. A tambaye shi waɗannan sosai, har da inda za a sami biled da batir in sun ƙare, domin na'urar da babu kayan canjinta ta mutu tun tana sabuwa. Hukuncin abin da za a yi wa majiyyaci kuwa ba fanninsa ba ne.

Wasu na'urorin suna naɗar bidiyon abin da kyamara ta gani. Da izinin majiyyaci da na asibiti, kuma ba tare da suna ko fuska ba, ana iya tura wa gwani a wani gari ya duba. Zai ga zurfin biled da hanyar bututu, amma ba zai ga inda idonka yake ba, kuma gyaran yana zuwa bayan an gama. Duk da haka ya fi babu nesa ba kusa ba. Abokan aiki biyu da ke koyo tare, ɗaya na yi ɗaya na kallo da jerin abubuwan dubawa a hannu, su ma suna toshe wani ɓangare na gibin.

Wani abu da ba zan iya tsallakewa ba: babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke maye gurbin kafnogiraf, na'urar da ke nuna iskar da huhu ke fitarwa. Mutane sun rantse sun ga bututu ya shiga maƙogwaro alhali yana hanyar abinci. Matsayar da ƙungiyoyin duniya suka fitar a 2022 ita ce in babu wannan alama mai ɗorewa, a ɗauka bututun ba ya inda ya kamata. Ƙungiyoyin agaji na Lifebox da Smile Train sun fito da kafnogiraf domin asibitoci masu ƙarancin hali a 2023. Asibitin da ke da kuɗin abu ɗaya tak, ni dai kafnogiraf zan ce ya fara saya.

| Ma'auni | Koyo da kai | Gwani a ɗakin tiyata | Taron bita | Duba bidiyo daga nesa |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Kaɗan, ban da mutum-mutumi | Mai yawa: tafiya, masauki, rashi a wurin aiki | Matsakaici | Kaɗan |
| Sauƙin samu | Kowane lokaci | Da wuya a wajen manyan birane | Jefi-jefi | Sai an sami mai dubawa |
| Haɗari ga majiyyaci | Babba in na'urar baƙuwa ce | Mafi ƙanƙanta | Babu a lokacin bitar | Kamar na koyo da kai |
| Gyaran kuskure | Babu, ko a makare | Nan take | Nan take, a kan roba | Bayan an gama |
| Dorewa | Daidai da kuskure duk suna zama | Mai ƙarfi in ana ci gaba da yi | Tana dusashewa in ba a maimaita | Mai kyau in an ɗore |

Wa ya dace da wace

In ka goge da Macintosh kuma na'urar da aka kawo mai siffarsa ce, kada ka bar ta a kabad kana jiran kowa. Karanta, gwada a kan roba, fara da masu sauƙi da abokin aiki a gefe, ka riƙe littafinka. Haka ma i-gel da danginsa ga wanda ya saba da LMA.

In biled mai tsananin lanƙwasa ne ko mai kwararo, ka yi karatun da kanka tukuna, sannan ka nemi gwani ya tsaya a kan gwaje-gwajenka na farko a jikin majiyyata, komai girman muƙaminka. In babu yadda za a yi ya zo, haɗa abokin kallo da tura bidiyo, kuma kada ka kai shi kan mai ciki, mai ƙiba sosai ko mai maƙoƙo sai hannunka ya zauna a kan masu sauƙi.

In kai sabon shiga ne, likita ko ma'aikacin jinya, babu zaɓi biyu a gabanka. Malami ne, kuma ka roƙe shi ya koya maka tsohuwar hanya da ba da iska da abin rufe fuska tare da sabuwar, domin ranar da batir ya mutu su za ka koma wa. Jarirai da ƙananan yara ma haka, ko ga wanda ya iya na'urar a kan manya, saboda oksijin ɗinsu yana sauka cikin daƙiƙoƙi.

In kai ne shugaban sashe kuma kuɗin bai kai a tura kowa ba, tura mutum ɗaya ko biyu da za su daɗe a asibitin, su zauna da gwani sosai, su dawo su zama masu tsayawa a kan saura. Ka sa atisayen buɗe gaban wuya a kalandar sashen, a riƙa maimaita shi da ma'aikatan jinya da likitocin tiyata tare.

Faiba a kan majiyyaci yana farke kuwa, ban yarda a koye shi daga bidiyo ba. Abubuwa da yawa ne ke tafiya lokaci guda: kashe zafin hanci da maƙogwaro da lidokain ba tare da an wuce miligiram 9 ga kowane kilo na nauyin jiki ban da kitse ba, kamar yadda ƙa'idojin DAS suka iyakance, kwantar da hankalin mutum ba tare da an danne numfashinsa ba, sarrafa kan kyamarar da babban yatsa, da tabbatar da wurin bututu da ido da kafnogiraf kafin a sa shi barci. Na'urar ma tana da saurin lalacewa, cizo ɗaya ko lanƙwasa ɗaya ya isa, gyaranta kuma sau da yawa sai an fitar da ita waje. Majiyyatan da ke buƙatarta su ne waɗanda ba su da wata mafita: mai kumburin ƙasan haɓa daga ciwon haƙori, mai ƙari a baki, ko wanda cutar noma mai cin fuska ta manne wa muƙamuƙi, irin waɗanda ake yi wa aiki a asibitin noma na Sakkwato, inda bakin ba ya buɗewa balle biled ya shiga. Mai son wannan ƙwarewa ya nemi izinin makonni, ya tafi inda ake yin aikin a kai a kai, ya fara da sarrafa kyamarar a kan roba, sannan a kan majiyyatan da ke barci, kafin malaminsa ya miƙa masa mai farke na farko.